A buɗe wa yara masu buƙata ta musamman aji a kowace ƙaramar hukuma

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarka in yi magana a kan wasu yara da ake tsallakewa duk lokacin da aka zo lissafin waɗanda ba sa zuwa makaranta. Ana ambaton almajirai da 'yan talla, kuma ya dace a ambace su. Amma akwai waɗanda ko ƙofar gida ba sa leƙowa balle a ƙirga su. Wani ba ya ji, wani hannu da ƙafa sun sandare tun yana goye, wani kuma a ido lafiyarsa ƙalau, amma abin da aka koya masa da safe kafin azahar ya bi iska.

Ni malamar firamare ce a wata ƙaramar hukuma da ke nesa da birnin Kano. Duk farkon zango sai an samu uwar da ta riƙo hannun irin wannan yaro ta tsaya bakin ofishin hedimasta. Amsar ba ta canzawa: "Baiwar Allah, ki yi haƙuri, ba mu da malaminsa. Ki gwada Tudun Maliki." Ita kuma takan ce, "Malam, can ai ta kurame da makafi ce, nawa yana ji yana gani, magana ce dai babu." Daga nan sai kowa ya yi shiru, ta gyara mayafi ta ja ɗanta. Ban ga laifin hedimastan ba. Ajin da yara suka cika har bakin ƙofa, rabinsu a ƙasa, malama ɗaya da alli, ina za ta sa yaron da ke toshe kunne yana ihu idan hayaniya ta yi yawa?

Makarantar Tudun Maliki ta yi wa jihar nan aiki, ta yaye kurame da makafi da yau suke riƙe da kansu. Sai dai jihar da ke da ƙananan hukumomi 44 ba za ta jingina da sunan makaranta guda a cikin birni ba. Mutumin Doguwa ko Tudun Wada ba zai iya kai ɗansa kullum ba, kuma ba kowace uwa ce za ta iya barin 'yar shekara 6 da ba ta magana a makarantar kwana ba, yarinyar da ko an cuce ta ba za ta iya faɗa ba. Makarantun kuɗi da ke karɓar masu galahanga, wato larurar ƙwaƙwalwa da ke shafar magana da koyon yaro, kuwa, kuɗin zango ɗaya ya isa ya kori talaka tun daga bakin get.

Abin da ke ba ni haushi shi ne doka ta riga ta gama magana. A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman. Ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ce kowace makarantar gwamnati ta zama mai karɓarsu, da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar domin su. Ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen gwamnati yadda keken guragu zai shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ku zagaya sababbin ajujuwan da ake ginawa ku ƙirga masu gangara a bakin ƙofa, sannan ku leƙa banɗaki. Yaron da ke jan jiki a ƙasa, banɗakin makarantunmu kaɗai ya isa ya hana shi dawowa.

Kuɗi ma an ware. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta keɓe kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, kuma a cikin wannan asusu akwai kaso na ilimin yara masu buƙata ta musamman da ake tura wa jihohi. Ya kamata SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ta riƙa bugawa kowace shekara nawa ya shigo, wace makaranta ta samu, me aka saya. Malamai kuwa ana yaye su: akwai sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero, akwai a Jami'ar Jos, ga kwalejin tarayya ta Oyo da aka kafa domin wannan fanni tun 1977. Na san waɗanda suka karanta shi, suka iya maganar hannu da rubutun makafi, amma da aka ɗauke su aiki sai aka ba su darasin lissafi a aji huɗu kamar kowa.

Don haka roƙona ga gwamnatin Kano, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ba ya buƙatar sabon gini ko bikin aza harsashi. A zaɓi firamare ɗaya a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma, a ware aji guda da ba zai wuce yara goma zuwa goma sha biyu ba, a dawo da waɗancan malamai su riƙe shi, a ɗauki mace mai taimakawa wajen ciyarwa da kai yara banɗaki. Wanda ya iya zama da sauran yara a wasu darussa ya shiga cikinsu, sauran lokaci ya koma wurin malaminsa. Wani iyakarsa ya koyi sa riga da kansa, ya gane kuɗi, ya iya nuna inda ke masa ciwo. Ga uwar da ke wanke ɗan shekara 10, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Asibitin sha-ka-tafi ma yana da rawar da zai taka. Da yawan waɗannan larurori sun samo asali daga doguwar naƙuda, ko shawarar jarirai da aka yi jinkirin kaiwa asibiti, ko sanƙarau da ke barin yaro babu ji. Uwa tana zuwa rigakafi sau da dama kafin ɗanta ya shekara. Me zai hana ma'aikaciyar lafiya ta tambaye ta ko wuyansa ya tsaya, ko yana zama, ko yana waiwayowa idan an kira shi, ta rubuta mata takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tun da wuri? Yanzu sai an gama zagayen masu cire aljanu, an sayar da akuya, yaro ya kai shekara 7, sannan likita yake ganinsa. Ba na hana kowa addu'a, ni ma ina yi, amma a haɗa da gashin ƙashi da gwajin ji.

Ina roƙon ka tura wakilinka ofishin sakataren ilimi na ƙananan hukumomi uku ko huɗu, ya nemi a nuna masa rajistar yara masu buƙata ta musamman da sunan malamin da aka horar domin su, ku buga mana abin da ya samo.

Wassalam.

Wata malamar firamare,
Jihar Kano.