Marubutanmu, ku leƙo Challawa da Sharaɗa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafinku na adabi in yi wa marubutan littattafan Hausa ƙorafi, musamman 'yan uwana mata, tunda su ne suka fi riƙe alƙalamin nan tun ana sayen littafi a kasuwar Sabon Gari har zuwa yau da aka koma WhatsApp da Wattpad.

Ni injiniyar sinadarai ce, na daɗe ina aiki a wani kamfanin jima a Challawa, unguwar masana'antu a Kano. Kwanakin baya ƙanwata ta turo min wani littafi, wai lallai in karanta don jarumar injiniya ce. Na daure na kai ƙarshe. Baiwar Allahn nan ko sifana ba ta taɓa ba. Sau ɗaya ta sa hular kwano, ranar da ɗan mai kamfanin ya fara ganinta, daga nan sai lefe, sai kishiya, sai uwar miji. Ba na raina labarin soyayya, da shi muka iya karatun Hausa a ɓoye a ƙarƙashin tebur. Amma in labarin da zai hana mutum barci ake nema, ga shi nan zube a masana'antunmu babu mai ɗauka.

Bari in ba da misali da abin da na gani da idona. A gidan jima, da sinadarin salfaid da farar ƙasa ake tuge gashin fata, can gaba kuma a jiƙa ta a ruwan asid da gishiri. Ruwan nan biyu ba a yarda su haɗu a kwata ɗaya, domin in suka haɗu wata iska mai guba ce ke tashi, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka rami take bi ta kwanta. Mugun halinta shi ne idan ta yi yawa sai ta kashe hanci, mutum ya daina jin warin, ya ɗauka ta wuce.

Wani dare da damina ina aikin dare, wuta ta ɗauke, fankokin da ke zuƙe iska suka tsaya kafin a tayar da janareto. Ramin da dattin ruwa ke taruwa ya toshe, wari ya cika wurin, can kuma sai muka ji ɗif. Fomanmu, dattijo ne da ya yi sa'an mahaifina, ya haska tocila ya ce, "Injiniya, ai warin ya tafi, bari yaron nan ya sauka ya buɗe." Yaron har ya sa ƙafa a tsani. Na ce, "Baba, don girman Allah kada kowa ya sauka." Ya dube ni irin kallon da ake yi wa 'yar cikinka da ta tsoma baki a zancen manya, ga leburori sun yi cirko-cirko suna jiran su ga wa za a bi. Sai da na zura na'urar gwajin iska da igiya cikin ramin, ta fara ƙara tun ba ta kai rabi ba, sannan ya riƙo rigar yaron ya ja shi baya. Har gari ya waye bai ce min uffan ba, sai dai ya aiko min da shayi.

To, ya Edita, a nan marubuciya za ta fara nata aikin. Wa ya buɗe bawul ɗin da ya haɗa kwatocin biyu? Kuskure ne, ko wani ne ke sakin ruwa da dare don a tsira da kuɗin tacewa? Idan jarumar ta rubuta gaskiya a rahoto, wa zai rasa abincinsa, kuma wa zai bi ta har gida? Ga manoman rani da ke ban ruwa a gefen kogi, ga rufaffun masaƙu a Bompai da Sharaɗa da ciyawa ta cinye, waɗanda ko da rana tsaka mutum ba ya son shiga shi kaɗai.

Kada a ce babu matan da za a kwaikwaya. Ƙungiyar mata injiniyoyi ta Najeriya, APWEN, tun 1982 take, kuma duk shekara Jami'ar Bayero da ta Wudil suna yaye 'yan mata a wannan fanni. Hikayata kuma, gasar gajerun labarai ta mata ta BBC Hausa, tun daga 2016, ta nuna cewa matanmu sun iya taɓo abin da ya wuce ɗakin amarya.

Duk marubuciyar da ke so, ta nemi wata injiniya ta roƙi izini a zagaya da ita ko da na wuni guda ne. Ta dai zo da takalmin roba da tsohuwar atamfa, don warin jima ba ya barin tufa da wanki ɗaya.

Wata injiniya,
daga Sharaɗa, Kano