Wuyar kama wuta ba ita ce amincin albarushi ba

Ya Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi gyara a kan wata fahimta da ta yaɗu tsakanin masu amfani da bindigar da ake ɗurawa ta baki, wato cewa sabon garin da ake sayarwa a madadin baƙin albarushi ya fi aminci saboda ya fi wuyar kama wuta. Maganar tana da gaskiya a wajen ajiya da safara, amma a lokacin harbi lamarin ya sha bamban.

Baƙin albarushi haɗi ne na gishirin fotashiyam naitiret da gawayi da kibiritu, kuma kibiritun ne ke sa shi saurin kamawa, domin yana narkewa tun a wajen digiri 115 a ma'aunin Salshiyos, alhali shi gishirin sai zafi ya kai digiri 334 yake narkewa. Shi ya sa albarushin ke tashi a wajen digiri 300, ko da yake adadin yana sauyawa gwargwadon irin gawayin da girman ƙwayar da yadda aka yi gwajin. Pyrodex, ɗaya daga cikin garin madadin, wanda kamfanin Hodgdon na Amurka ya kawo kasuwa a tsakiyar shekarun 1970, yana buƙatar zafin da ya kusanci digiri 400, shi kuwa Triple Seven na wannan kamfani, wanda babu kibiritu a cikinsa, bai fi shi sauƙin kamawa ba.

Wannan tazara ba ƙarama ba ce ga bindiga mai ƙyastu, wadda duk abin da ta dogara da shi shi ne 'yan tartsatsin da ke fita idan ƙanƙara ta daki ƙarfe. Tartsatsin kan tayar da lallausan baƙin albarushi nan take, amma sau da yawa yakan mutu a kan madadin ba tare da ya kunna shi ba. Masu yin garin sun san da haka, shi ya sa dunƙulallen Pyrodex ke zuwa da ɗan baƙin albarushi a gindinsa, shi kuma Blackhorn 209, wani garin madadin, ba a yarda a yi aiki da shi ba sai da makunnin harsashin bindigar tsuntsaye mai lamba 209, wato ɗan abin da ke ba garin wuta, wanda wutarsa ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Abin tsoro a nan shi ne jinkirin tashi. Mutum ya ja kunama, bai ji komai ba, ya ɗauka bindigar ta ƙi, sai ya sauke ta ko ya juyo da bakinta domin ya duba, alhali wuta na cin garin a hankali a cikin bututu. Ƙa'idar da masu koyar da harbi suke nanatawa ita ce a ci gaba da saita bakin bindigar inda babu kowa, a jira aƙalla minti ɗaya kafin a taɓa komai. A ganina wanda ya sauya gari ba tare da ya sauya makunni ba ya fi kowa buƙatar ya haddace wannan.

Akwai kuma kuskuren auna ƙarfin gari da zafin da yake kamawa. Garin harsashin zamani marar hayaƙi yana tashi a zafin da bai kai digiri 200 ba, ƙasa da baƙin albarushi ke nan, amma matsin da yake haifarwa ya isa ya tsaga bututun bindigar da ba a ƙera ta dominsa ba, ya raunata mai harbi da na kusa da shi. Saboda haka bai halatta a zuba shi a irin wannan bindiga ba, ko da kaɗan ne, ko da an gauraya shi da wani.

Na gode.
Wani mai karanta jaridarku