Wasiƙa daga Lesta zuwa ga Yaya

Lesta, Ingila
7 ga Fabrairu, 2021

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya gida, ya maigidan, ya yara da sanyin hunturu? Ya Mama da ƙafar tata? Allah ya ƙara sauƙi.

Wannan takarda taki ce ke kaɗai, kada ki karanta wa Mama a tsakar gida yadda kika saba. Rubutu na zaɓa saboda duk sanda muka yi bidiyo a WhatsApp, da na ga fuskarta sai bakina ya riga ni cewa "lafiya lau". Wata goma ke nan ina faɗin haka, alhali ba lafiyar.

Ku a can in an ce nas, asibiti kuke hangowa. Ni gida-gida nake bi da mota: allurar masu ciwon suga da sassafe, wankin gyambo, canjin robar fitsari, sai waɗanda likita ya riga ya sallama, muna rage musu raɗaɗi har ta Allah ta kasance. Da aka sa dokar kulle ranar 23 ga Maris ɗin bara kowa ya shige ɗaki, mu kuwa aikinmu ƙaruwa ya yi, don asibitoci sun yi ta mayar da tsofaffi gida a samu gadon masu korona. A bayan mota nake shiri, a bakin titi: takunkumi, safar hannu, rigar leda da iska ke naɗe min a wuya. Nas ɗin asibiti in abu ya ƙi ta waiwaya ta ga 'yar'uwarta. Ni in na waiwaya kujerar baya nake gani.

Akwai wani tsoho Bature da nake zuwa wa kullum, matarsa ta rasu, 'yarsa tana can wani gari an hana ta zuwa. Kunnensa ya yi nauyi, leɓe yake kallo ya gane magana, ga shi na rufe baki. Sai na koma rubuta masa a bayan ambulan ɗin wasiƙa. Duk safiya zan tarar ya ajiye kofi biyu a tebur, kuma ba halin in sha. Ran nan ya riƙe min hannu ta cikin safar ya ce in ƙara minti biyar. Yaya, ban ƙara ba, mutum tara ke jirana. Bayan kwana huɗu aka ɗauke shi, bai dawo ba. Sunansa kawai na ga an cire daga jerin aikina a waya, aka sa wani adireshi. Har yau in na wuce layin sai na ji minti biyar ɗin nan a ƙirjina kamar dutse.

A cikin wannan hali kika kira ni da rasuwar Kawu, lokacin mace-macen nan na Kano a watan Afrilu. Ina tsakanin gida biyu ne. Kika ce an kai shi maƙabartar Ɗandolo, na ce Inna lillahi, na share ido, na shiga na yi wa wata allura. An rufe filayen jirgin Najeriya, ba a buɗe wa jiragen ƙasashen waje ba sai Satumba. Ba zaman makoki, ba wanda ya shigo ya ce min "ya haƙuri", masallatan unguwar Highfields ma a rufe. A azumin nan ne kuma duk Alhamis da ƙarfe takwas na yamma mutane ke fitowa ƙofar gida suna tafa wa ma'aikatan lafiya, har da buga tukwane. Nakan wuce su da ƙishirwar awa goma sha bakwai, dabinona a aljihu, ina jiran magariba. Ba na raina musu, da zuciya ɗaya suke yi. Amma tafin mako goma ya yi ya ƙare, ciwon bai ƙare ba. Mu a Lesta ma da sauran gari suka fara shan iska, mu aka fara mayarwa kulle a ƙarshen Yuni.

Abin da ya fi cina shi ne tsoron in ɗebo wa yara. In na dawo, a bakin ƙofa nake tuɓewa, kaya cikin leda, ni banɗaki. Autata ta sheƙo da gudu ta rungume ni, na daka mata tsawar da ban taɓa yi ba. Yarinya 'yar shekara huɗu ta koyi tsayawa nesa da uwarta tana kallo.

Daga nan barci ya ƙaurace min. Ƙarfe uku na dare ido biyu, ina lissafin ko na yi kuskuren allura. Abinci ba ɗanɗano, har na yi gwaji sau biyu, ba korona ba ce. A Disamba, sanda rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, na tsaya ƙofar wani gida na kasa buɗe mota. Gabana na dukan uku-uku, hannu na rawa, numfashi ya ƙi. Ni da na san alamomin nan a jikin wasu, na ɗauka zuciyata ce za ta tsaya.

Abban yara ne ya matsa na kira likita. Ya ce ciwon damuwa ne da firgici, ya ba ni hutun mako shida da magani, kuma duk Talata ina magana da wata ƙwararriya ta waya. Na san abin da Gwaggo za ta ce: iska ce, ko an yi min baki, ko na yi sake da azkar. Ban bar azkar ba, Yaya, ina kan sallayata. Amma mai ciwon suga ma yana addu'a yana allura, kuma ni na sha faɗa wa marasa lafiya haka. Da na faɗa wa wata abokiyar aikina 'yar Gana, ashe ita ma tun bazara take kuka a mota, kowa na ɓoye wa kowa.

Kuɗin wata biyun nan da ya zo muku a gutsure, dalilin ke nan. Kuɗin jinya da doka ta tanada fam 95 ne da 'yan kai a mako, ko hayar gida bai kai ba. Na makarantar yaran Kawu zai iso cikin Maris in sha Allah, ki ba matarsa haƙuri.

Na koma aiki kwana uku a mako. An yi min allurar rigakafi ta farko a Janairu, ta biyu sai bayan mako goma sha biyu. Hannu ne kawai ya yi min tsami kwana ɗaya, don haka in ta iso Kano ki kai Mama da kanki, kada ki biye wa saƙonnin da ake turawa. Ita kuma ki ce mata gajiya ce ta yi min yawa ina shan magani, sauran ni zan faɗa mata in na samu bakin. Ki kira ni ran Juma'a bayan la'asar ɗinku, ke kaɗai. In kin ji na ce lafiya lau, ki sake tambaya.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki