Masu ƙara wa tsofaffin Hilux da Land Cruiser sifirin, a duba birki da shokazoba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da ƴan uwana direbobi da masu gareji nan Sakkwato, kan wani abu da ya zama ruwan dare wurin masu tsofaffin motoci fowil, irin su Hilux da Land Cruiser da L200 masu jigilar albasa da gero da shinkafa daga Goronyo, Wurno, Gada har Illela. Da mutum ya ga bayan motarshi ya fara zama ƙasa sai ya nufi gareji ya ce a ƙara mashi falle biyu ko uku na sifirin, wani lokaci ma na babbar mota ake yankowa a huda a cusa, mota ta ɗaga baya tana taƙama, shi ke nan a ganinshi yanzu za ta ɗauki lodin da ya fi na da.

To gaskiya ba haka abin yake ba. Sifirin kawai ka ƙara wa ƙarfi, amma aksil na nan yadda kamfani ya yi shi, boris na nan, taya na nan, shasi ma na nan kuma ga tsufa. Hilux kusan tan 1 aka yi ta ta ɗauka, kuma ko falle goma ka jera wanga lissafi bai canzawa, illa dai nauyin da a da sifirin ke shanyewa yanzu shasi yake duka kai tsaye, shi ya sa za ka ga ya tsage daidai wurin da kunnen sifirin ke riƙe, a kai wa mai walda ya like, bayan kasuwa biyu uku ya sake buɗewa. In kuma ba kaya motar ta koma tsalle bisa gargada, tayun baya ba su kama ƙasa, kwana kaɗan sai ta watsa baya.

Wanda ya fi damuna shi ne maganar birki, don ba kowa ya san da ita ba. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser suna da wani ɗan bawul a ƙarƙashi wajen baya, da siririn ƙarfe da ya haɗa shi da aksil. Aikinshi ya auna yadda baya ya zauna, in an yi lodi mota ta yi ƙasa sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in ba kaya ya rage. To kai ka ɗaga baya da inci 2 ko fiye ba a gyara wanga ƙarfe ba, bawul zai riƙa ganin kamar motar ba komai ko da buhu ya kai har sama, ka taka birki duk aikin ya koma tayun gaba, kuma a hanyar da awaki da yara da masu babur ke faɗowa titi ba sallama. Tiyon birki na baya ma sai an duba tsawonshi, don in taya ta faɗa rami yana iya miƙewa har ya tsinke. Rayukan mutane ne fa, har da waɗanda ke zaune saman kaya.

Sai shokazoba. Mutane da yawa na ɗauka ita ke ɗaukar nauyi, alhali nata aikin hana mota lilo ne bayan sifirin ya lotsa ya dawo. In ka ɗaga mota ka bar gajerar shoka ta asali, duk rami sai ta miƙe har ƙarshe, ba ta daɗewa take zubar da mai ko ta fizge kunnenta. A sa wadda tsawonta ya dace, a canza biyu tare hagu da dama, kar a sa sabuwa ta kamfanin KYB gefe guda ta Baljiyam gefe guda. Gwajinta ba wuya, in ka yi tafiya bisa gargada tsaya ka taɓa jikinta a hankali, mai aiki za ka ji ta da ɗumi, wadda ta mutu sanyi ƙalau.

Masu Land Cruiser 80 da ta fito 1990 su nasu sifirin mai murɗi ne gaba da baya, ba zancen ƙara falle, a sayi wanda aka yi don nauyin da ake ɗauka, a bar cusa guntun taya tsakaninshi. Masu falle kuma in ya gaji a sauke saitin gaba ɗaya, a sa sabon bushin da santa bol mai haɗe fallen wuri guda da sabon yubol mai ɗaure sifirin ga aksil, don tsohon ya riga ya miƙe, kuma kar a ƙarasa ɗaure bushin sai an sauke mota daga jak ta tsaya bisa tayunta. Fallen da ya karye ba a yi mashi walda, wuta na kashe ƙarfinshi.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra na jiharmu, su zagaya garejoji da tashoshi kafin kakar albasa su nuna wa yaran gareji wanga bawul da yadda ake saita shi, don su ne ke kwance ƙarƙashin motocin nan kullum.

Naku,
Wani direba daga Sakkwato