Ciwon saifa: wa zai kawo rahoton saniyar da aka riga aka cinye?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na rediyo na makon jiya kan ciwon saifa, cutar dabbobi da ke kama mutane, ya ɓata min rai ƙwarai. Baƙon da kuka gayyato ya yi ta nanata cewa a kai rahoto, a kai rahoto, amma cikinku babu wanda ya tsayar da shi ya ce: a kai wa wa? Kuma wanda ya kai, me zai samu?

Ni dillalin shanu ne, a kara na tashi. Bari in faɗa muku abin da ke faruwa idan saniya ta faɗi a ruga. Mai ita ba ya neman lambar likitan dabbobi, wuƙa yake nema, a yanka kafin ta zama mushe, ko rabin kuɗinta a tsira da shi. Kafin la'asar nama ya shiga tire. Idan kuwa ta riga ta mutu, ka ga ciki ya kumbura, baƙin jini na tsiyaya ta hanci da dubura ba ya daskarewa, to sai a feɗe a cire ƙirgi, a ja sauran a bar wa ungulaye da karnuka. Wannan fiɗar ita ce masifar, domin ƙwayar cutar da zarar ta sha iska sai ta zauna cikin ƙasa shekaru gommai, wata daminar shanu su yi kiwo a wurin su sake zubewa. Mutumin nan ba mugu ba ne. Saniyar ita ce bankinsa. Ya san in ya yi magana za a ce a ƙone ko a binne, a hana shi fita da sauran, ya koma gida hannu rabbana.

Baƙon naku ya ambaci gonar Gajiri da ke ƙaramar hukumar Suleja, inda aka tabbatar da cutar a Yulin 2023 bayan an kai samfur ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na Vom da ke jihar Filato. Gaskiya ne, an yi saurin ganowa. Amma gonar nan a bakin titin Abuja zuwa Kaduna take! Rugar da sai ka yi tafiyar wuni a babur kafin ka isa, wa ya taɓa ɗebo jinin shanunta? An sake jin ɓullarta a Zamfara a farkon 2025. Abin da ke cikin takardun hukuma shi ne abin da ya faru kusa da kwalta. A Ghana, da ta ɓulla a Binduri a Yunin 2023 har mutum ya rasu, sun dakatar da yanka da safarar dabbobi a yankin na wata guda, suka bi garke da allura. Shanun nan ba su san iyaka ba.

Akwai wani yaro mai fiɗa a kwatarmu, ƙurji ya fito masa a damtse, tsakiyarsa baƙi ƙirin, ba zafi, sai kumburi. Ya je kemis aka ba shi ƙwayoyi, Allah ya taimaka ya warke. Ba wanda ya tambaye shi wace dabba ya feɗe, daga wace ruga aka kawo ta, su wa suka sayi naman. Mai kemis bai kira malamin dabbobi ba, ma'aikacin asibiti bai ji ba. Ga rahoton da ake nema yana yawo a hannun yaro, an bar shi ya wuce.

Don Allah ku sake shirin. Ku zaunar da arɗo da sarkin fawa tare da likitan dabbobi, ku tambayi hukuma maganar diyya ga wanda ya yarda aka binne dabbarsa, da dalilin da ya sa rigakafin da ake yi a Vom, wanda ya kamata a yi wa garke duk shekara, ba ya isowa daji sai an ji mutuwa. Ku karanto lambar da za a kira, a Hausa da Fulatanci.

Sannan farashin dabbobi da kuke karantawa ranar Juma'a, ban san inda kuke samo shi ba. Mai saye ya zo kara yana rantsuwa da rediyo, mu yi ta rigima da shi. Ku turo wakili ya gani da idonsa.

Naku,
Mai sauraro daga jihar Zamfara