Baiwa kaɗai ba ta isa ba

Malam edita, barka da aiki. Daga Tawa nike rubuto maka.

Ƙanena yana gyaran rediyo da fanka bakin kasuwa, jiya na tarar ya kwance tsohuwar batir ya haɗa ta da allon sola har ya kunna ƙwan fitila biyu, hannunshi duk baƙin mai, amma da na yaba sai ya ce ai bincike aikin masu baiwa ne na ƙasar Turawa, wallahi maganar nan ta ci mini rai.

Abdu Mumuni fa ɗan Tasawa ne, a 1929 aka haife shi, ya yi shekaru yana binciken zafin rana a Yamai, yau jami'armu ta Yamai sunanshi take ɗauka. Ko Fleming, masanin kimiyya na Birtaniya, da ya ga fumfuna ta kashe ƙwayoyin cuta a 1928, sai da aka yi fiye da shekara goma bayan nan, wasu masana Florey da Chain da mutanensu suka sha wahala, kafin penisilin da ke fitowa daga fumfunar ya zama magani. Mu mutane muna son suna guda mu ɗora mishi komai.

Dan Allah ku riƙa zuwa wurin yaran nan masu gyara kuna rubuta labarinsu, ƙanena yana son ya koyi lissafin lantarki bai samu mai koya mishi ba.

Mai karatunku daga Tawa