Sanarwa: karatun Asabar kan Rac, Cdc42 da Rho

Assalamu alaikum ƴan uwa. Karatunmu na Asabar bayan la'asar zai tsaya kan yadda fararen ƙwayoyin jini ke haɗiye ƙwayar cuta.

Ku riƙe furotin uku da ke cikin fararen ƙwayoyin jinin: Rac, Cdc42 da Rho. Kamar makunni suke. In sun riƙe wani ƙaramin sinadari mai suna GTP suna kunne, in ya rikiɗe ya koma GDP suna kashe. A 1998 masu bincike Caron da Hall suka nuna cewa idan antibodi (furotin da garkuwar jiki ke ƙerawa don ya manne wa ƙwayar cuta) ne ya yi wa ƙwayar cutar alama, Rac da Cdc42 ke tara aktin (furotin mai kama da zare da ke ba ƙwayar jinin siffa da motsi) har fatar ƙwayar jinin ta miƙe ta lulluɓe ƙwayar cutar. In kuwa kwamfilimen (wasu furotin na garkuwar jiki da ke cikin jini) ne ya yi alamar, Rho ke jan aikin.

Don Allah ku natsu a wannan bambancin, nan ake yawan ruɗewa. Mai tambaya ya turo kafin Juma'a.